Ummi, Ga Labarin Nafkin Ɗinki da Injin Ayi

Panyu, Guangzhou

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya ranar da za ki iya karanta ta, don yanzu da nake rubutu ko cokali ba ki gama iya riƙewa ba. Ga ki can a kan katifa, mahaifiyarki tana jera kaya a akwati, ke kina fito da su ɗaya bayan ɗaya. Gobe in Allah ya kai mu za ku hau jirgi zuwa Kano, ni kuma sai na ƙarasa aikin maigidana zan biyo ku. Allah ya sauke ku lafiya, ya tsare gabanku da bayanku.

Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba. Mahaifiyarki ta ce in kawo ta gyara, na ce a bar miki shi yadda hannuna ya yi. Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunanki na yanka, sai Ummi.

Iyaye sukan yi wa 'ya'yansu nasiha da abin da suka sani. Ni ba ni da gona, ba ni da shago. Abin da na sani ciki da waje shi ne busar da nafkin ɗin jariri a inji. Ki yi dariyarki, an yi min wadda ta fi taki. Amma da nafkin ɗin nan na riƙe ku ke da mahaifiyarki a garin nan, sai dai kafin in iya na yi wauta ba ɗaya ba. Su zan ba ki labari.

Aikina ɗaure kaya ne. Maigidana yana da ofis a unguwar Dengfeng, 'yan kasuwarmu su sari riguna a kasuwar Shisanhang, ni in bi in karɓo, in danna a buhu, in ɗaure, in kai sito. Mahaifiyarki Nusaiba kuwa karatun haɗa magunguna ta zo yi a jami'a, kuma irin gurbin nan ne da in ka bari ka tafi ba a ajiye maka. A nan aka haife ki lokacin sanyi, ba kaka ba gwaggo, wankan jego ma da butar lantarki aka lallaɓa shi. Sai muka raba yini. Da safe tana makaranta ina tare da ke, ta dawo da rana ni kuma in fita.

Tun kina 'yar mitsitsiya fatarki ta ƙi nafkin ɗin kanti na sa-ka-yar. Duk wanda aka saka miki sai wurin ya yi ja. Likita ta ce mu koma na auduga wanda ake wankewa, amma da sharaɗi: kada ya taɓa jikinki sai ya bushe ƙarau. Muka sayo. Kashi biyu ne: ƙyallen auduga mai kauri da yake shan fitsari, da ɗan wando na sama mai siririyar leda a ciki da roba a wajen cinya. Na ce wankin nawa ne, ita ta ji da littafi. A raina kuwa cewa nake, ɗan Kano za a koya wa shanya?

Ashe ban san garin ba. Bayan sanyi ya wuce akwai wasu kwanaki da iska take zuwa da ruwa a cikinta. Ba ruwan sama ba, iskar ce jiƙaƙƙiya. Bango ya yi ta zufa, madubi ya rufe, tayil ya yi santsi kamar an yi wanka a kai. Ɗakinmu kuma a ƙasa yake, benen da ke gabanmu in na miƙa hannu ta taga zan taɓa shi, rana ba ta san da mu ba. Na ɗaura igiya a ɗaki na shanya nafkin, na wangale tagogi duka don iska ta shigo, yadda ake yi a gida. Kwana ya bi kwana, ƙyallen nan yana nan da danshinsa, har ya fara warin ruma, baƙin ɗigo-ɗigo ya fito a gefensa. Da na rasa na canji sai in zaɓi wanda ya fi dama-dama in saka miki. Fatarki ta saɓe. Kina fitsari kina ƙwalla ƙara.

Sai wata safiya na tsaya a layinmu na ɗaga kai. Gida sama da gida, duk tagoginsu a rufe gam. Tawa kaɗai ce a buɗe. Ashe a irin kwanakin nan rufewa ake yi, ni kuma da hannuna nake gayyato ruwan cikin ɗaki.

Ummi, in kin je baƙon wuri, kafin ki yi abin da kika iya, ki fara ɗaga kai ki ga abin da mutanen wurin suke yi. Abin da kika koya a gida gaskiya ne, amma gaskiyar gida ce. Ni na zo da ranar Kano a kaina, ke kika sha wahalarta.

A cikin wannan hali kakarki ta wajen uwa, Hajiya, ta kira ta bidiyo daga Fagge. Ta ji kukanki, ta ce, "Nusaiba, kwance min ita in gani." Mahaifiyarki ta yi ta kewaye-kewaye, Hajiya ta ce, "Da ke nake." Aka kwance. Hajiya ta yi salati, sannan ta ce, "Ba ni Habu."

Na karɓi waya na durƙusa kamar tana cikin ɗakin. "Hajiya, barka da yini."

"Habu, ban ce ba ka ƙoƙari ba. Amma raino ba aikin namiji ba ne, kuma garin da rana ba ta fitowa ba garin jariri ba ne. Ƙawata Hajiya Tsahara ta Maraɗi za ta zo sarin kaya nan da 'yan makonni. Za ta duba min yarinyar nan da idonta. In ta same ta haka, Nusaiba ta tattaro ta biyo ta da 'yar. Karatu ya jira."

Karatun ba ya jira, mu duka mun sani. Mahaifiyarki ba ta yi musu ba, ba a yi wa Hajiya musu. Ta ajiye wayar ta juya fuskarta bango. Na ce mata, "Ki buɗe littafinki. Babu inda za ku." Na faɗa ne kawai, ban san ta inda zan fara ba.

A ƙarshen layinmu akwai shagon wanki, injinan wankewa a gefe ɗaya, na busarwa a ɗaya gefen. Wata dattijuwa ce take kula da shi, muna kiranta Ayi, yadda mu za mu ce Gwaggo. Ba ta jin Turanci, ni kuma Sinancina bai wuce gaisuwa da godiya da "meyo" ba, wato babu. Ranar farko na zuba komai a injin busarwa, auduga da wandunan sama a haɗe, na cika shi dam. Na dubi maɓallan, duk rubutunsu ne. Na ga ɗaya mai jan launi, na ce wannan ita ce ranar tsakiyar bazara, ita nake nema. Na danna.

Suka fito da zafi, suna ƙamshin tsabta. Na dawo gida ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Ranar Juma'a na sa farar shaddata, na ɗauke ki in yi miki wasa kafin in tafi masallaci, sai na ji ɗumi yana bin cikina har gwiwa. Muka kwance wandon muka ɗaga shi a fitila. Ledar ciki ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, robar cinya ta saki, ta zama igiya. Zafin ya cinye su. Rabin wandunan a ranar suka tashi aiki. Mahaifiyarki ta dube ni da shaddata jiƙe, ta yi ta danne dariya har ta kasa. Rabon da in ji dariyarta tun kafin wayar Hajiya, don haka ban ji haushi ba. Na canza kaya na tafi da tsohuwar jallabiya.

Washegari a Shisanhang ina ɗaure riguna, idona ya faɗa kan ɗan ƙyallen nan da ake liƙawa a wuyan riga. Kullum ina ganinsa, ban taɓa kallonsa ba. Akwai zanen ɗan akwati da da'ira a ciki, kamar ƙofar injin Ayi. Wani da ɗigo ɗaya a tsakiya, wani biyu, wani an soke shi. Na dawo gida na duba nafkin ɗinki. Audugar ɗigo ɗaya, wandon sama an soke. Na ɗauko hoton maɓallan inji na kawo wa mahaifiyarki, ta karanta min wanda yake nufin zafi kaɗan. Ɗigo ɗaya ke nan. Tun daga ranar wandunan sama ba su ƙara shiga inji ba. A ɗaki nake rataye su gaban fanka, taga a rufe, kuma da yake ba su da kauri nan da nan suke bushewa. Audugar kuwa rabin inji nake zubawa don ta samu wurin juyawa, da zafi kaɗan, ko da zai daɗe.

Ki riƙe wannan, Ummi. Ba duk abin da ƙarfi zai iya yi da sauri ne ya kamata a yi shi da ƙarfi ba. Kuma abubuwa da yawa suna ɗauke da bayanin yadda suke so a bi da su, a liƙe a wuyansu. Mutane ma haka. Ki duba kafin ki danna.

Na ƙara gano wani abu da ba a rubuta ko'ina ba: ƙyalle mai zafi yana ruɗin hannu. Ka taɓa ka ji kamar ya bushe, ya huce ka tarar da danshi a tsakiyarsa. Sai na koyi bari ya huce, in naɗe mai kaurin in ɗora a leɓena. Leɓe ya fi yatsa jin laima. Wannan dabarar tawa ce, babu wanda ya koya min, kuma ina alfahari da ita.

Kin fara samun sauƙi, sai na yi babbar wautar.

Hajiya ta aiko da man kaɗe da ta kwaɓa da man zaitun, ta hannun wani ɗalibi, ta ce a riƙa shafa miki. Mu kuma muka riƙa lafta shi kamar ana yaɓen ɗaki. Man ya shiga audugar. Ina wanki da ruwan sanyi, ina jin ƙyallen yana santsi a hannuna, ina ganin fitsari ya fara gangarewa ta gefe maimakon ya shige. Na gani sarai, na ce ai mai ne, magani ne. Har turare nake ɗiga musu kafin su shiga inji, don mahaifiyata ba ta taɓa naɗe kayan jariri ba ƙamshi ba.

Ga kuma wata cuta da take cina, kunya. Ke ce 'yar fari. A gida ko ɗaukarki a gaban mutane ba zan yi ba, balle a gan ni da buhun kashinki. Duk Bahaushen da ya gamu da ni da jakar nafkin sai in ce samfurin kaya ne zan kai wa maigida. Wanda na fi tsoro shi ne Isuhu, ɗan ƙanen Hajiya Tsahara, abokina, mutumin Maraɗi. Isuhu in ya samu labarinka da safe, kafin azahar masu canjin kuɗi na Dengfeng sun haddace shi.

Wata rana ina shagon Ayi, ina sauri, na ce ai auduga ce zalla, bari in ƙara wuta yau kaɗai. Inji yana tsakiyar aiki wayata ta yi ƙara. Isuhu ne. "Habu, ina Panyu, na zo wata ma'aikata. Ga ni bakin layinku, hito mu ci abinci." Na ce ga ni nan fitowa. Na tsayar da injin, na kwashe nafkin da zafinsu har suna ƙona min yatsu, na danna su a jaka yadda nake danna riguna a buhu, kin san hannuna ya saba, na zuge, na tura ƙarƙashin bencin Ayi. Na fita ina murmushi.

Muka ci taliyar Musulmin ƙasar, wadda suke ja da hannu, muka yi hira, muka yi salla. Na ce masa sai an jima, ya ce a'a sai ya raka ni ya ga ɗiya. Muna shigowa layin na hango mutane a ƙofar shagon. Ayi tana tsaye da bokiti. Jakata a zazzage a kan titi, nafkin ɗinki a warwatse cikin ruwa, na tsakiyar sun yi baƙi-baƙi, wani ya ɓule, ƙauri ya cika wurin. Man da ke cikinsu da zafin da na kulle a jakar, su suka haɗu suka yi ta cin juna, har hayaƙi ya fara fita daga ƙarƙashin benci. Allah ya sa hancinta yana aiki.

Ta gan ni. Ummi, ban ji kalma ɗaya ba, amma na fahimci duka. Ta nuna jakar, ta nuna injinan, ta nuna saman shagon inda mutane suke zaune da 'ya'yansu, jikanta ma a can yake barci. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa ta gicciye hannuwa ta ce, "Meyo! Meyo!" Babu ni babu injinta.

Na durƙusa ina tsince ƙyallaye. Isuhu ya sa ƙafa ya juya ɗaya, ya dube shi, ya dube ni. "Habu, waɗanga su ne samfurin da kac ce? Wane Alhaji na ya yi odar su?"

Abin da na ɓoye ya fito a tsakiyar titi, gaban wanda na fi ɓoye wa, kuma saura ƙiris in ƙone gidan mutane a kan haka. Ki ji ni da kyau. Kayan da mai ya taɓa, ko turare, ba sa shiga injin zafi sai an wanke man tas da ruwan zafi. Kuma ba a tsayar da inji a tsakiya. A ƙarshe yana juyawa da iska mai sanyi, wannan ba ɓata lokaci ba ne, kashe wutar yake yi. In kayan sun fito a baza su su sha iska, kada a tara su da zafi. Wannan na inji ke nan. Na rayuwa kuwa, kada ki taɓa jin kunyar aikin da kike yi don wanda kike ƙauna. Da na ce wa Isuhu "shigo, ina busar da nafkin ɗin 'yata", da dariya kawai zai yi, kuma dariyar ai ya yi ta duk da haka.

Muka koma gidan jiya. Babu wani shagon wanki kusa, iska tana nan da ruwanta, zuwan Hajiya Tsahara yana matsowa. Na koma fanka da dutsen guga, ina bin ƙyalle ɗaya-ɗaya, amma kina ɓata su fiye da yadda nake busarwa. Jan ya fara dawowa.

Mahaifiyarki ta koya min kalmar ban haƙuri, na je na faɗa wa Ayi. Ko kallona ba ta yi ba. Ban tafi ba, na tsaya a waje ina kallo. A nan na lura da wani abu. Kowane injin busarwa yana da rariya a can ƙasa, inda ɓurɓushin auduga yake taruwa kamar gashin tunkiya. In ya cika iska ba ta wucewa, injin ya yi ta zafi, shi ma hanyar gobara ne. Ayi takan cire ta share, amma duk sunkuyon da za ta yi sai ta dafa gwiwa ta cije baki, tashi kuma sai ta kama ƙofar inji. Washegari bayan asuba, tana buɗe shago, na wuce ta gefenta na durƙusa na zaro rariyar farko na share, na bi sauran, na goge zufar tayil da tsumma don kada wani ya zame, na fita. Ban zo da jaka ba. Na dawo washegari, da wanda ya bi shi. Tana kallona ta gefen ido tana shan shayinta.

Wata safiya mahaifiyarki tana da jarrabawa da wuri, dole na zo da ke a ƙirjina. Ina durƙuso kika fara kuka. Ayi ta ajiye kofi, ta miƙo hannu. Na ba ta ke. Ta kwantar da ke a kan teburin naɗe kaya ta kwance nafkin, ta gani, ta yi tsaki irin na tsofaffi, wanda yake iri ɗaya a kowane yare. Ta harare ni, ta hau sama. Sai ga ta da tsohuwar rigar auduga mai laushi da almakashi. Ta yayyanka ta ƙanana. Ta nuna min da ɗan yatsa: mai kaɗan, kamar haka, ba yaɓe ba. Sannan ɗan ƙyallen nan a kan fata, sannan nafkin. Ƙyallen shi zai sha man, a wanke shi daban da hannu, ta nuna injin ta kaɗa yatsa, shi ba ya shiga. Ta yi min alama in je in kawo sauran nafkin ɗin.

Na kawo da gudu. Ta shinshina ɗaya-ɗaya, ta murza, ta sa na yi ta wanke su da ruwan zafi da sabulu ina ɗaurayewa. Duk wanda na gama sai ta ɗiga masa ruwa. In ɗigon ya tsaya a sama kamar ƙwallo, ta mayar min. In ya shige nan take, ta ajiye gefe. Da suka ci jarrabawa ta buɗe injin da hannunta, ta danna maɓallin zafi kaɗan. Can da zafin ya ɗauke injin ya ci gaba da juyawa, na ɗan motsa kawai, ta cafke min wuyan hannu, ba ta saki ba sai da ya tsaya da kansa. Na ce, "Shiye-shiye, Ayi," wato na gode. Ta nuna min rariya, wato aikin safe yana nan.

Ummi, in kin ɓata da mutum, ban haƙuri da baki farko ne kawai. Ki duba inda yake dafa gwiwa, ki sunkuya masa a nan, kuma kada ki zo da jakarki a hannu.

Daga nan komai ya hau layi. Wanki da ruwan zafi, ba turare. In liƙe abin maƙalawar wandon sama, mai kama da ƙarangiya, don kada ya yagi sauran. Rabin inji, zafi kaɗan, in jira ya huce, in baza, in gwada a leɓe. A gida kuma mukan bar ki ki ɗan sha iska ba nafkin a kan tawul. Jan ya koma ruwan hoda, ruwan hodan ya ɓace.

Hajiya Tsahara ta zo ranar wata Lahadi, Isuhu yana biye da ita riƙe da jakarta, yana ta yi min murmushin mugunta. Na san ya ba ta labarin gobara tun daga filin jirgi. Babbar mace ce, ta cika ƙofarmu. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ku kawo min ɗiyar." Ta wanke hannu, ta ɗora ki a cinya, ta kwance. Ta duba gaba, ta juya ki, ta buɗe lungun cinya ɗaya-ɗaya, ta ce a haska mata fitilar waya. Mahaifiyarki ta riƙe gefen rigata ta baya, abin da ba ta taɓa yi a gaban babba ba.

"Ina sauran tsumman?"

Na kawo kwandon. Ta zaro daga can ƙasa, ba na sama ba, 'yar kasuwa ce. Ta shinshina, ta ɗora a kumatunta, ta ja robar wando ta saki ta ji ƙararta. Sannan ta ce, "Isuhu, kira min Hajiya."

Fuskar kakarki ta fito a waya. Hajiya Tsahara ta ce, "Hajiya, ga jikarki. Lahiya lau. Hwatarta kamar ƙwan da an ka ɓare yanzu. Tsumman ga kuwa, wallahi ko a Maraɗi da ranarmu ban ga wanda ya hi su bushewa ba."

"Wa yake wankin?"

"Surukinki. An ce har gari ya so ya ƙone, amma dai ya iya."

Kakarki ta gyara zama. Sai ta ce, "Ba ni shi." Na durƙusa. Ta ce, "Habu, ɗago kanka in gan ka." Na ɗago. "Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka. Nusaiba ta zauna ta gama abin da ya kai ta."

Na ce amin. Na ce bari in sayo lemo. Ina fita na sauka layin nan da gudu, babba da ni, silifas yana zamewa, har shagon Ayi. Na tsaya a ƙofa na ɗaga hannuwa biyu sama kamar ɗan dambe. Masu wanki suka juyo suna kallona. Ayi ta gane. Ta ɗaga min babban yatsa, ta yi dariya har na ga haƙorinta na ƙarfe. Lemon ma mantawa na yi, sai da na sake komawa.

Isuhu bai fasa ba. Kafin sati ya zagayo duk Dengfeng ana kirana Lawban Nafkin, wato maigidan nafkin. In na shiga gidan abinci sai a ce, "A ba Lawban kujera, ya sha aiki!" Ni kuma in ce, "Ku matsa, hannuna ya fi na kowa tsabta a nan." Na amsa sunan, sai ya daina ciwo. Bana matar Isuhu ta haihu. Ranar nan ya ja ni bayan sito, ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya ya ce, "Lawban, don Allah, ɗigo guda ko biyu?" Na ce sai ya faɗa da ƙarfi. Ya faɗa. Nafkin ɗinki da kika girme su duk na ba shi, kuma na kai shi wajen Ayi da kaina, na nuna masa rariya.

Makon jiya mahaifiyarki ta sa rigar kammala karatu. Ina tsaye a baya da ke a kafaɗata, kina ta miƙa hannu sai kin cire mata hula. Da aka kira sunanta na yi kabbara a cikin mutane, ban damu da wanda ya juyo ba. Jiya kuma muka je sallama da Ayi. Ta ɗauke ki ta yi ta magana da ke, ke kina ba ta amsa da naki yaren, ta cusa miki lemon zaƙi a aljihu biyu. Ni ko kallona ba ta yi ba sai da za mu fita, ta buge ni a kafaɗa.

Nafkin ɗaya ne ban ba Isuhu ba, wanda ya ɓule a gobarar nan. Na wanke shi, na naɗe wannan takarda a ciki, zan sa a ƙasan akwati. In kin girma kin ga tsumma mai baƙin rami kada ki yar. Ki sa yatsa a ramin ki tuna saura kaɗan ku tafi a lokacin, ke a goye, mahaifiyarki hannu wofi. Gobe kuwa da ƙafarki za ki taka zuwa jirgi, ita kuma da takardar shaidarta a jaka.

Ki gaida Hajiya, ki bi ta, ki bi mahaifiyarki. A Fagge akwai rana, kayanki za su bushe kafin a gama shanya na ƙarshe, ba mai buƙatar dabarata. Duk da haka ki ce wa Hajiya ta rage min wuri a igiya, in na zo ni zan yi.

Allah ya raya ki, ya tsare ki daga zafin da ya wuce kima da sanyin da yake cutarwa, ya haɗa ki da mutanen kirki a duk garin da kika sauka, ko da ba kwa jin yaren juna. Allah ya kai ku lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Abbanki,
Habu, Lawban Nafkin